Fulogi Ya Shiga, Kwamfuta Ta Ƙi Tashi: Tarihin Akwatin Wuta

Maƙalar wannan makon tarihi ce ta wani akwatin ƙarfe da ke zaune a bayan kwamfutar tebur, wanda masu gyara ke kira fawa-fak. Mu a nan za mu kira shi akwatin wuta.

Akwai matsalar da duk mai gyaran kwamfuta ya saba da ita. Kwamfuta ta mutu, an ce akwatin wutarta ne ya ƙone. An sayo sabo, an ɗaura, an danna maɓalli, shiru kake ji. Wani lokaci fanka ta motsa sau ɗaya ta tsaya. Wani lokaci kuma fankoki su yi ta gudu, allon kallo yana nan baƙi ƙirin. Mai kwamfuta ya kashe kuɗi, aikinsa na watanni yana cikin faifan ajiya, ga shi bai san wanda zai ɗora wa laifi ba: sabon akwatin, ko mai shago, ko hannunsa.

Ruwa ba ya tsami banza. Kowace alama a cikin waɗannan tana da shekarar da aka haife ta, da shawarar injiniyoyin da ta haifar da ita. Tsakanin akwatin wuta da babban allo, wato madabod, akwai wata gaisuwa da ake yi mataki-mataki kafin kwamfuta ta farka, kuma an shafe fiye da shekara 40 ana ƙara mata sharuɗɗa. Wanda ya san yadda aka gina gaisuwar ya san inda zai duba idan ta yanke.

Yadda akwatin ya ƙanƙance

Wutar da ke zuwa soket tana kai da komowa ne, sau 50 a sakan ɗaya a Turai da Afirka, sau 60 a Amurka. Ƙarfinta kuma bolt 230 ne ko 120, gwargwadon ƙasa. Sassan kwamfuta ba sa iya shan irin wannan. Suna buƙatar wuta miƙaƙƙiya mai bin hanya ɗaya, kuma 'yar kaɗan: bolt 12, bolt 5, daga baya aka ƙara bolt 3.3. Aikin akwatin ke nan, ya karɓi babba ya raba ta ƙanana.

Tsohuwar hanyar yin haka ita ce a sa tiransifoma mai nauyi, na ƙarfe da tagulla, ya rage ƙarfin wutar, abin da ya yi rara kuma a bar shi ya fita a matsayin zafi. Haka kwamfutar Altair 8800 ta 1975 take. Akwatinta yana ba da kimanin bolt 8, kowane kati da ke cikinta shi zai rage wa kansa zuwa bolt 5, ya kuma sha zafin ragowar.

Akwai wata dabarar daban. A miƙar da wutar tun tana da ƙarfinta, sannan a riƙa datse ta gunduwa-gunduwa fiye da sau dubu 20 a sakan. Idan aka yi haka, ɗan ƙaramin tiransifoma ma ya wadatar, zafi kuma ya ragu ƙwarai. Masu ƙera na'urorin jiragen sama da na sararin samaniya sun san wannan tun shekarun 1960. A 1977 wani injiniya mai suna Rod Holt, wanda Steve Jobs ya ɗauko daga kamfanin Atari, ya ƙera irinsa mai ƙarfin wat 38 domin kwamfutar Apple II, saboda Jobs ba ya son ƙarar fanka. Daga nan dabarar ta shiga gidajen jama'a.

Wannan sauyi ya bar mana gado biyu. Na farko, akwatin ya sami wayon kare kansa. Idan ya ji wayoyi sun haɗu, wato abin da masu gyara ke kira shot, nan take zai kashe kansa. Fankar da ke motsawa sau ɗaya ta tsaya galibi wannan take faɗa. Na biyu, a cikinsa akwai manyan kafasitoci da ke riƙe wuta sama da bolt 300, kuma suna iya riƙe ta bayan an zare fulogi daga bango. Shi ya sa ake musanya akwatin ɗungurungum, ba a buɗe murfinsa.

1981: wayar da ke cewa wuta ta daidaita

Ranar 12 ga Agusta 1981 kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta tebur, samfurin 5150, wadda wata tawaga ƙarƙashin Don Estridge ta ƙera a Boca Raton, jihar Fulorida. Akwatin wutarta wat 63.5 ne kacal. A gefensa akwai wani babban jan makunni, kuma shi ne ke yanke wutar bango kai tsaye. Ka ɗaga shi wuta ta shiga, ka sauke shi ta yanke. Babu wata magana a tsakani.

Amma injiniyoyin sun lura da wani abu. Akwatin ba ya kai ga cikakken ƙarfinsa a take, yana ɗaukar ɗan lokaci yana tashi. Idan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta fara lissafi da wutar da ba ta daidaita ba, sai ta rikice. Sai suka ware waya guda wadda ba ta ciyar da kowa, saƙo kawai take kaiwa. Babban allo zai riƙe furosesa a tsaye har sai akwatin ya auna kansa ya ga komai ya zauna, sannan ya aiko da saƙon cewa wuta ta daidaita. Jiran yana ɗaukar daga kashi ɗaya cikin goma na sakan zuwa rabin sakan. Idan wuta ta yi rauni ana cikin aiki, akwatin zai janye saƙon, furosesa ta tsaya.

Wannan waya tana nan har yau. A akwatunan zamani launinta ruwan toka ne. Ita ce dalilin da ya sa za ka ga fanka tana juyawa, fitila tana ci, amma kwamfuta ba ta fara komai ba. Juyawar fanka shaida ce kawai ta cewa akwai wata wuta a layin bolt 12. Ba ta tabbatar da cewa akwatin ya ba furosesa izini.

Kwamfutar 1981 ta zo da wata al'ada kuma. Da zarar furosesa ta farka, wani ɗan shiri da ke cikin BIOS zai bi sassan na'urar ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa. Tunda allon kallo bai riga ya tashi ba, sai a sanar da sakamako ta 'yar lasifika. A tsarin IBM, ƙara ɗaya gajeriya tana nufin lafiya lau. Doguwa ɗaya da gajeru biyu tana nufin matsalar katin hoto. Shiru gaba ɗaya kuma yana nuni ga akwatin wuta ko babban allo. Kamfanonin da suka zo daga baya, irin su AMI da Award da Phoenix, kowanne ya tsara nasa ƙararrakin, don haka sai an duba littafin allon kafin a fassara. A yau allunan da yawa sun maye gurbin lasifikar da ƙananan fitilu masu nuna furosesa, ram, katin hoto da faifai.

Baƙi da baƙi

Buƙatar wuta ta yi ta hawa. Samfurin XT na 1983, wanda ya zo da faifan ajiya a ciki, ya kai wat 130. Samfurin AT na 1984 ya kai wat 192. IBM ya wallafa littafin fasahar kwamfutarsa har da zanen wayoyi, sai wasu kamfanoni suka shiga kwaikwayo. Compaq ya fara sayar da tasa a 1983, Phoenix kuma ya fitar da BIOS na sayarwa ga kowa a 1984. Cikin 'yan shekaru masana'antun Amurka da Taiwan suka cika kasuwa da alluna da akwatuna masu dacewa da juna. Sun kwafi kyan tsarin, sun kwafi aibinsa.

Aibin shi ne fulogan da ke kai wuta babban allo. Guda biyu ne, P8 da P9, kowanne mai ƙafa shida, kuma kamarsu ɗaya. Suna zama gefe da gefe a layi guda. Wanda ya musanya su, ya sa na dama a hagu, yana iya ƙona allon daga kunnawar farko. Babu rubutun gargaɗi a jiki. Abin da ya ceci masu gyara wata ƙa'ida ce da suke koya wa juna da baki: baƙaƙen wayoyi su haɗu a tsakiya. Baƙi da baƙi.

Kwamfutocin kwaikwayo sun ƙara wani haɗarin. Da aka dawo da makunni gaban kwamfuta domin sauƙi, sai aka ja wayoyi huɗu masu ɗauke da ainihin wutar bango daga akwatin zuwa makunnin. Mai musanya akwati dole ya cire su ya mayar daidai. In ya kuskure, ya haɗa wutar gidan da kanta.

1995: maɓalli ya koma mai neman izini

A 1995 kamfanin Intel ya fitar da sabon tsari mai suna ATX. Ya haɗe P8 da P9 suka zama fulogi ɗaya mai ƙafa 20, wanda aka sassaƙa ramukansa ta yadda ba ya shiga a juye. Ya ƙara layin bolt 3.3 mai wayoyi ruwan lemo. Ya kuma sauya ma'anar kunna kwamfuta gaba ɗaya.

A tsarin ATX, muddin fulogi yana bango kuma makunnin baya yana kunne, akwatin ba ya barci duka. Wani ɗan sashe nasa yana aika bolt 5 ta wata waya shunayya zuwa babban allo dare da rana. Wannan ita ce wutar jira. Maɓallin gaba ba ya taɓa wutar bango ko kaɗan. Siraran wayoyi biyu ne ke tafiya daga gare shi zuwa wasu ƙananan ƙafafu a kan allon. Idan ka danna, allon da wutar jira ta riƙe a farke zai ji, sai ya ja wata koriyar waya ya haɗa ta da ƙasa, wato da layin baƙaƙen wayoyi. Wannan ne umarnin da akwatin ke jira. Sai ya tayar da manyan layukansa, ya auna su, ya aiko da saƙo ta waya ruwan toka, furosesa ta fara aiki.

Amfanin haka a bayyane yake. Masu amfani da Windows 95 a kan tsofaffin kwamfutoci za su tuna da rubutun da ke fitowa a ƙarshe, mai sanar da mutum cewa yanzu yana iya kashe na'urar da hannunsa. Da ATX kwamfuta ta sami ikon kashe kanta, da farkawa a lokacin da aka tsara mata. Sai dai hanyar da a da take mataki ɗaya ta koma mataki biyar, kuma kowanne yana iya yankewa. Idan an manta da makunnin baya, babu wutar jira. Idan hannu ya fizge siraran wayoyin maɓalli a lokacin da ake jan tsohon akwati waje, allon ba zai ji dannawa ba, alhali akwatin lafiyarsa ƙalau.

Daga wannan tsari ne gwajin da masu gyara suka fi sani ya fito. A zare akwatin daga dukkan sassan kwamfuta, a lanƙwasa ɗan kilif na takarda, a haɗa ramin koriyar waya da na baƙa, sannan a kunna. Mai gwajin yana kwaikwayon aikin babban allo ne. A fulogi mai ƙafa 20 koriyar tana ƙafa ta 14, a mai ƙafa 24 tana ta 16. Idan fanka ta juya, akwatin yana jin umarni. Iyakar abin da gwajin ke nunawa ke nan, bai ce akwatin zai iya ɗaukar nauyi ba. Wasu akwatunan zamani ma ba sa juya fanka sai sun ɗauki zafi, don haka mita ce ke raba gardama.

Kama da wane ba ta wane

ATX ya magance juya fulogi, amma ya koya wa mutane wani zato mai haɗari: in dai ya shiga, to daidai ne. A ƙarshen shekarun 1990 zuwa wajen 2000, kamfanin Dell ya sayar da kwamfutoci masu soket mai ƙafa 20 wanda a ido ba shi da bambanci da na ATX, amma an sauya wa wayoyin cikinsa wurare. Wanda akwatinsa ya mutu, ya sayo na kasuwa ya cusa, fulogin zai shiga sumul. Da an kunna, wuta ta bi inda bai kamata ba, a yi asarar akwatin ko allon, ko duka biyun. Mai kwamfuta ba shi da hanyar sani sai in ya kwatanta launin wayoyin tsohon da na sabon, rami da rami.

Wannan al'ada ba ta mutu ba, kamanni kawai ta sauya. Daga shekarun 2010 kwamfutocin ofis da yawa na Dell da HP da Lenovo sun koma amfani da akwatunan da ke ba da bolt 12 kaɗai, babban allo ya riƙa samar da sauran da kansa. Fulogansu ƙanana ne: mai ƙafa 8 ko 6 a wasu na Dell, mai 6 a wasu na HP, mai 14 ko 10 a wasu na Lenovo. Akwatin ATX na kasuwa ba ya aiki da su kai tsaye. Da yake kwamfutocin ofis na hannu irin waɗannan su ne suka cika shagunan buga takardu da makarantu a ƙasashenmu, lambar samfurin da ke jikin tsohon akwati ta fi yawan wat muhimmanci wajen sayen sabo.

Fulogin da aka fi mantawa

A Nuwamba 2000 Intel ya fito da Pentium 4, furosesa mai cin wuta fiye da na baya. Layin bolt 5 ba zai iya ciyar da ita ba tare da wayoyi sun yi zafi ba, domin idan bolt ya yi ƙasa dole yawan wutar da ke gudana ya ƙaru. Sai aka koma ciyar da ita daga bolt 12, aka ƙara wani fulogi na daban mai ƙafa huɗu, wayoyi biyu ruwan ɗorawa, biyu baƙaƙe, wanda ke shiga kusa da furosesa. Daga baya aka samar da mai ƙafa takwas.

Wannan ɗan fulogi yana yawan jawo kukan an sa sabon akwati kwamfuta ta ƙi tashi. Soket ɗinsa yana can saman allo, a lungu, bayan na'urar sanyaya furosesa. Mutum zai cusa babban fulogi ya ga ya gama. Ya danna maɓalli, fankoki su tashi, fitilu su kama, allon kallo shiru, domin komai ya sami wuta ban da ƙwaƙwalwa.

A 2003 aka faɗaɗa babban fulogin daga ƙafa 20 zuwa 24, saboda sabon ramin kati mai suna PCI Express, wanda aka yarje masa ya ba katin hoto har wat 75. Domin akwati ɗaya ya yi wa tsoho da sabon allo aiki, masu ƙerawa suka yi fulogi mai rabuwa, 20 da 4. Sai wani ruɗanin ya shigo. Guntun nan mai ƙafa huɗu ya yi kama da na furosesa, alhali wayoyinsa launi huɗu ne: ruwan lemo, ja, ruwan ɗorawa da baƙa. Katunan hoto kuma suka sami nasu fulogan, mai ƙafa shida na wat 75 da mai ƙafa takwas na wat 150. Mai takwas na katin hoto da mai takwas na furosesa faɗinsu ɗaya, amma layin bolt 12 na wannan yana inda layin ƙasa na wancan yake. An sassaƙa su daban, sai dai roba ce, mai ƙarfin hannu yana iya tilasta ta. Duk fulogin da sai an yi kokawa da shi, ba wurinsa ba ne.

Lokacin da laifin ba na akwati ba ne

Tsakanin 1999 da 2007 masana'antar ta sha fama da abin da aka kira annobar kafasita. Miliyoyin ƙananan kafasitoci, da yawansu ƙirar wasu masana'antun Taiwan, sun fito da gurɓataccen ruwan sinadari a cikinsu. Ruwan yana haifar da iska, kan kafasitar ya kumbura, wani lokaci ya tsage ya zubo da wani abu ruwan ƙasa. Abin da ya kamata ya yi shekaru masu yawa sai ya mutu cikin biyu ko uku. Matsalar kafasita ta taɓa manyan kamfanoni ma. A 2005 Dell ya ware kimanin dala miliyan 300 domin gyaran kwamfutocinsa na OptiPlex da kafasitocin allunansu suka lalace.

Alamomin allo mai kumburarrun kafasitoci sun yi kama da na akwati mai rauni: kwamfuta ta riƙa mutuwa da kanta, ta ƙi tashi da safe sai an danna sau da yawa, daga ƙarshe ta ƙi gaba ɗaya. Mutane da yawa sun sayi sabon akwati alhali ciwon yana kan allo. Akwai kuma akasin haka, inda akwati mara kariya mai kyau ya mutu ya tafi da allon, ta hanyar sako masa wuta fiye da kima. A duka biyun sabon akwati ba zai tayar da komai ba. Shi ya sa gogaggen mai gyara yake haska tocila a kan allon ya duba kawunan kafasitoci kafin ya aiki kowa kasuwa. Lafiyayyar kafasita kanta a shafe yake.

Wayoyi masu cirewa

A tsakiyar shekarun 2000 aka fara sayar da akwatunan da wayoyinsu ke cirewa daga jiki, domin mutum ya sa waɗanda yake buƙata kawai. Tsarin ATX ya ƙayyade bakin wayar da ke shiga allo ko faifai, amma bai ce komai ba game da bakin da ke shiga akwatin. Kowane kamfani ya jera nasa yadda ya ga dama, har samfura biyu na kamfani ɗaya suna iya bambanta.

Ga yadda asarar ke faruwa. Mutum ya cire tsohon akwati, ya ga wayoyin a shirye suke tsaf a cikin kwamfuta, ya ce bari ya bar su ya sa sabon akwati kawai. Bakunan suka shiga. Da ya kunna, bolt 12 ya bi layin da aka tanada wa bolt 5, ya shiga faifan ajiya. Babban allo ana sayen wani, amma rubutun da aka yi shekara uku ana tarawa a faifan ba ya kasuwa. Ƙa'idar a nan ba ta da togiya: sabon akwati, sababbin wayoyinsa, duka.

Ko fulogin da yake daidai ma yana da sharaɗi. A 2022 aka fito da wani sabo mai ɗaukar har wat 600 domin manyan katunan hoto. A Oktoban shekarar masu katin RTX 4090 suka fara nuna hotunan fulogai da suka narke. Kamfanin Nvidia ya bincika ya ce abin da ya fi jawo haka shi ne rashin cusa fulogin har ƙarshe. A 2023 aka gyara tsarin, aka rage tsawon ƙananan ƙafafun da ke kai saƙo, ta yadda katin ba zai ja cikakkiyar wuta ba sai fulogin ya zauna daram. Dabarar 1981 ce aka sake komawa gare ta: kada a fara aiki sai an sami tabbaci.

Ɗan jan makunnin baya

Akwai abu ɗaya a wannan tarihi da ya shafe mu kai tsaye. Shekaru da yawa akwatunan wuta suna zuwa da wani ɗan jan makunni mai zamewa a baya, an rubuta 115 a gefe ɗaya, 230 a ɗayan. A matsayin 115, akwatin yana ninka wutar da ta shigo ne domin ta kai abin da cikinsa ke buƙata. A matsayin 230 ba ya ninkawa. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Najeriya da Gana 230, ta Nijar da Kamaru 220. Akwatin da ya taso daga Amurka yana kan 115, aka cusa shi a soket ɗinmu ba a duba ba, zai ninka wutar da ta riga ta isa. Ƙara ɗaya za a ji, da warin ƙuna.

Daga 2001 Tarayyar Turai ta tilasta wasu ƙa'idoji kan yadda na'urori ke jan wuta daga layi. Hanyar da masana'antu da yawa suka bi wajen cika su ta samar da akwatunan da ke karɓar komai daga bolt 100 zuwa 240 ba tare da makunni ba. Amma tsofaffi da masu araha suna nan a kasuwa da jan makunninsu. Kafin fulogi ya taɓa bango, a juya akwatin a karanta.

Bin sawun gaisuwar

Idan muka jera wannan tarihi, tsarin bincike ya fito da kansa, domin ana bin gaisuwar ne daga farkonta. A fara da bango: soket yana da wuta, igiyar tana da lafiya, makunnin baya yana kunne, jan makunni yana kan 230. Sai wutar jira: alluna da yawa suna da 'yar fitila da ke ci tun kafin a danna komai, mita kuma za ta nuna bolt 5 a waya shunayya. Sai maɓalli: a duba siraran wayoyinsa, ko a taɓa ƙafafunsa biyu da bakin sukundireba na ɗan lokaci a ga ko za ta tashi. Sai fulogai: babban ya shiga har maƙallinsa ya kama, na furosesa yana wurinsa, na katin hoto ma haka, kuma wayoyin duka na sabon akwatin ne.

Idan fanka ta motsa ta tsaya, akwatin yana kare kansa ne daga shot. A kashe wuta, a cire faifai da katuna da duk abin da ba dole ba, a bar allo da furosesa da ram guda ɗaya, a nemi noti ko sukuru da ya faɗa ƙarƙashin allo. In ta tashi, a riƙa mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya har mai laifi ya bayyana. Idan fankoki suna gudu ba hoto, a saurari ƙara ko a duba fitilun allo, a cire ram a mayar, domin hannun da ya ja wayoyi yana iya girgiza shi. Sai an wuce duk waɗannan ne ake zargin sabon akwati ko babban allo, kuma hanyar raba su ita ce a gwada akwatin a wata kwamfutar da aka san lafiyarta.

Kafin duk wannan, in akwai abin da ba za ka iya sake rubutawa ba a cikin faifan, zare wayoyinsa tukuna. Kwamfuta ba ta buƙatar faifai kafin ta nuna alamar rai, kuma kunnawar farko bayan musanya akwati ita ce mafi haɗari a gare shi. Sai an ga hoto a allon kallo, an tabbatar wuta ta zauna, sannan a kashe a mayar da shi.